KATIN SHAIDA DA KARƁAR SAƘO A ƘOFAR GIDA: JAWABIN SAKATARE A TARON WATA



Kwamitin kula da haƙƙin 'yan ƙungiya ne ya ɗora mini nauyin yin bayani a kan wani al'amari da ya shigo kusan kowane gida a garin nan na Kafanchan, wato karɓar saƙo. Da can ɗan kasuwa kan ɗauki jakarsa ya tafi Kantin Kwari ko Jos ko Onitsha ya saro kaya da kansa. Yanzu kuwa ta waya ake ciniki, a ba direba a tasha, ya iso ya kira, ko a ba ɗan acaɓa ya kawo har ƙofar gida. Matanmu masu sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp haka suke yi, yaranmu da ke karatu a Gidan Waya su ma haka. Wannan sauƙi ne, babu mai musu. To amma a bakin ƙofar nan ne ake yawan cewa, "Kawo katinka in gani," kuma a nan ne maganata take.

Jama'a, ya kamata mu san abin da muke riƙe da shi. Lambar BVN da bankuna suka fara bayarwa a 2014 lamba 11 ce. Lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN, ita ma lamba 11 ce. A watan Disamban 2020 gwamnati ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da NIN, sannan a Disamban 2023 Babban Bankin Nijeriya ya ce ko ƙaramin asusu ba za a buɗe ba sai da BVN ko NIN. Ma'anar wannan ita ce layinka da asusunka da sunanka duk an ɗaure su da igiya ɗaya. Wanda ya sami hoton takardarka ta NIN, da lambar wayarka, da ranar haihuwarka, ya kama bakin igiyar. Yana iya neman buɗe asusu ko cin bashin waya da sunanka, ko ya yi ƙoƙarin karɓe layinka da sunan wai ya ɓata.

Kada wani ya ɗauka wannan tatsuniya ce. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa wani shafin intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan naira 100 kacal. A watan Yulin 2025 kuma hukumar EFCC ta bayyana cewa akwai matasa kimanin 12,000 da ke bin mutane suna sayen bayanansu na NIN da BVN a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su kuma su sayar a kan kusan 5,000, ana buɗe asusun damfara da su. Abin da ake saye da kuɗi, ai ba ma bayar da shi kyauta a bakin zaure ba.

Mu da muke zaune nesa da garuruwan iyayenmu abin ya fi shafarmu. Idan aka yi ta'asa da sunan mutum, jami'an tsaro adireshin da ke kan takarda za su bi. Kafin ya wanke kansa an rufe asusunsa, shagonsa ya kwana a kulle, sunansa ya zaga kasuwa. Wanda danginsa ke kewaye da shi ba ya rasa mai tsaya masa nan take. Wanda kuwa nasa suke Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, jarinsa a garin nan shi ne sunansa na kirki, da shi yake karɓar kaya bashi, da shi yake kama hayar gida.

To me doka ta ce? Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin kowane ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya, bai ware ɗan gari da baƙo ba. Bugu da ƙari, a watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce duk mai karɓar bayananka sai yana da dalili na halal, sai ya gaya maka abin da zai yi da su, kuma kada ya karɓi fiye da abin da aikin ke buƙata. Kana da ikon tambaya, kana da ikon neman a goge. Saboda haka in ka ce wa mai kawo saƙo, "Me za ka yi da shi?" ba rashin kunya ka yi ba, haƙƙinka ka nema.

A yi wa direbobi da masu acaɓa adalci. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, wasunsu ma 'yan ƙungiyar nan ne. In sun nemi shaida, tsoron kada su ba da kayan wani ga wani ne, don su za a kama da biya. Abin da suke buƙata shi ne su tabbatar kai ne mai kayan, kuma ido ya isa wannan. Ka riƙe katinka a hannunka, ya dubi suna, ya dubi hoto, ya dubi fuskarka, ka mayar aljihu. Kada ya ɗauki hotonsa da waya, kada ya tafi da shi da sunan zai yi fotokofi ya dawo. Ko da shi mai amana ne, wayarsa na iya faɗuwa, ko ta je wurin mai gyara da hotunan katunan mutane a ciki. In kamfani ne ya dage sai an ajiye kwafi, ka je ofishinsu da kanka, ka rubuta kwanan wata da dalilin bayarwa a tsakiyar takardar, yadda ba za ta yi wani aikin ba. BVN kuwa da lambar sirri ta katin banki, babu wani saƙo a duniya da ke buƙatarsu.

Sai maganar lambar da ke shigowa waya, wadda ta fi kowace cin mutane. Wani zai kira ya ce saƙonka ya iso tasha, an turo maka lamba, ka karanto masa don ya tabbatar. Gaskiya ne wasu kamfanonin kai kaya kan turo lambar karɓa, amma ita sai kayan na gabanka ake faɗinta, ba ta waya ba. Kafin ka buɗe baki, ka karanta saƙon tun daga farko. In ka ga sunan banki, ko ka ga WhatsApp da lamba 6, to ba na kaya ba ne, makullin asusunka ne ake nema. Ni da na koyi baƙi da girmana a ajin yaƙi da jahilci, na san yadda mutum ke jin nauyin cewa bai iya karatu ba, sai ya miƙa wa baƙo waya ya ce duba mini. Don Allah a daina. A ce wa mai kiran ya jira, a nemi ɗa ko maƙwabci amintacce ya karanta. Mai gaskiya zai jira. Mai gaggawa shi ne abin tsoro.

Iyayenmu mata, ku ne a gida lokacin da saƙo ke zuwa. Kada a aiki yaro da katin maigida zuwa ƙofa. Magidanta kuma, in kuna jiran kaya ku sanar da gida sunan mai kawowa da abin da zai kawo, ku ce kada a ba da komai sai sa hannu. Bayan an buɗe kwali a ɓare takardar da ke manne a jikinsa a ƙona, domin suna da lambar waya da kwatancen gida duk suna kanta. Tsofaffin fotokofi ma a ƙona, kowa a nan ya taɓa sayen ƙosai ko tsire a cikin takardar da ke ɗauke da hoton wani.

Akwai kuma saƙon da mu muke aikawa. Da yawa daga cikinmu sai an je ƙaramar hukumar asali ake samo wa yaro takardar shaidar ɗan ƙasa don makaranta ko neman aiki, sai a ba direba ya kawo. A sa ta a ambulan a liƙe, a rubuta lambar motar da ta direban, a kuma ba da ita ta hannun shugabannin tasha. Kada a taɓa haɗa katin banki da lambar sirrinsa a ambulan ɗaya. Haka nan kada kowa ya je da katinsa ya karɓar wa wani ƙunshin da bai san abin da ke ciki ba. Hukumar NDLEA ta sha tare ƙwayoyi a cikin irin waɗannan saƙonni, ta bi sawu ta kama wanda ya zo karɓa.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, kada kunya ta sa a yi shiru. A ranar a je banki a sa su rufe kati, a je ofishin kamfanin waya a duba layi, a kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi takarda, domin ita ce shaidarka gobe. In kamfanin waya ya yi biris, lambar ƙorafi ta hukumar NCC ita ce 622, kyauta ce. In banki ya ja lokaci, ana ɗaukaka kuka zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. In kamfani ne ya yi sakaci da bayananka, hukumar NDPC ce wurin zuwa. Ofishin sakatare a buɗe yake don rubuta takardar koke ga duk wanda ke buƙata, ba a biyan ko kwabo.

Daga ƙarshe ina roƙon wakilan unguwanni su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami zuwa ba, musamman tsofaffi da matan da ba sa fita, da 'yan'uwanmu da ke Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Kachiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kare mana mutuncinmu da dukiyarmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.