Ajalin Ƙwayoyin Ƙoda da Yadda Ciwon Sukari Ke Gaggauta Shi

  

Mas'alar da za mu tattauna yau ta shafi wata mutuwa wadda ba a yi mata jana'iza, ba a zaman makoki dominta, alhali kuwa ita ce ke kai dubban bayin Allah ga injin wankin ƙoda: mutuwar ƙwayoyin halittar ƙoda a jikin mai ciwon sukari.

Likitocin dauri, tun daga Jalinus na Yunanawa har zuwa hukama'un Musulmi da suka gaji iliminsa, da suka ga mai wannan ciwo yana shan ruwa ba ya ƙoshi, yana fitsari ba ya tsayawa, sai suka yanke hukunci cewa illar daga ƙoda take. A 1889 ne Minkowski da von Mering suka cire wa kare wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas, suka ga ciwon ya kama shi. A 1921 kuma aka samo insulin a birnin Toronto. Da masu ciwon suka fara yin tsawon rai, sai ɓarnar da ke ɓoye ta bayyana, har a 1936 Kimmelstiel da Wilson suka siffanta tabon da yake bari a cikin ƙoda. Ashe ƙodar da aka tuhuma ƙarni bayan ƙarni ita ce wadda aka zalunta.

A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, na ƙodojin biyu a haɗe kuwa suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini kowace rana, su mayar da kusan dukkansa, su fitar da kimanin lita ɗaya da rabi ya zama fitsari. Kowace matata dunƙulen siraran hanyoyin jini ce, a bayanta kuma akwai wasu ƙwayoyi da ake kira fodosait, ma'ana masu ƙafafu, waɗanda suka rungume hanyoyin suka sarƙa ƙafafunsu da na maƙwabtansu kamar yadda mutum ke sarƙa yatsun hannayensa biyu, ta yadda ruwa da gishiri za su wuce ta tsakani, amma albumin, furotin ɗin da jini ke bukata, ba zai samu ƙofa ba. Fatar jiki tana sabuwa, rufin hanji yana sabunta kansa cikin 'yan kwanaki, amma waɗannan ƙwayoyi kusan ba sa haihuwa. Jari ne da aka damƙa wa mutum sau ɗaya.

To, mutuwar ƙwayar halitta iri biyu ce. Akwai ta haɗari, inda ƙwaya ke kumbura ta fashe, abin cikinta ya watsu ya ƙone na kusa, kamar gobara a unguwar danni. Akwai kuma ta ajali, inda ƙwaya ke tsukewa, ta yayyanka kanta, ta ƙulle guntayenta, maƙwabta su haɗiye su ba tare da an ji motsi ba. Wannan ta biyu ita ce Kerr da Wyllie da Currie suka raɗa wa suna afoftosis a jami'ar Abadin ta Sikotland a 1972, suna aron kalmar Yunananci da ke nufin zubar ganye daga itace, irin yadda kuka ke kakkaɓe ganyenta idan rani ya shigo. Asalinta rahama ce, domin da ita ake raba yatsun ɗan tayi a mahaifa, da ita kuma jiki ke kawar da ƙwayar da ta lalace kafin ta rikiɗe ta zama sankara. Tsarinta ya kai matuƙar daidaito, har masanan da suka samu kyautar Nobel a 2002, wato Brenner da Horvitz da Sulston, suka nuna cewa a jikin wata 'yar tsutsa da suka nazarta, daga ƙwayoyi 1090 da take samarwa, 131 ne ke mutuwa, ba ƙari ba ragi. A cikin ƙwaya akwai mizani: a ɗaya gefen sinadaran da ke riƙe rai, kamar Bcl-2, a ɗayan masu kiran mutuwa, kamar Bax, idan na biyu suka rinjaya, sai murhun ƙwayar, wato maitokondiriya, ya ɓule, abin da ya fito daga cikinsa ya tayar da wasu almakasai da ake kira kasfes, su kuwa idan sun fara yanka ba sa tsayawa.

Laifin ciwon sukari shi ne yana karkata wannan mizani kafin lokaci. Idan sukari ya yi yawa a jini shekara da shekaru, murhun ƙwaya yakan sha itacen da ya fi ƙarfinsa, ya riƙa fitar da tartsatsin iskar oksijin mai ƙuna, kamar yadda wani masani, Brownlee, ya bayyana a 2001. Sukarin kuma yana manne wa furotin ya sandarar da shi. Sannan jini yana shiga matata da matsin da ya wuce kima, musamman idan hawan jini ya haɗu da ciwon. A 1997 an ƙirga ƙwayoyin fodosait a ƙodar 'yan ƙabilar Pima na Arizona a Amurka, aka tarar sun ragu a jikin waɗanda ciwon ya taɓa musu ƙoda, a 2006 kuma Susztak da abokan aikinta suka nuna a jikin ɓeraye cewa mutuwar tana farawa tun farkon hawan sukari. Idan fodosait ɗaya ta faɗi, sauran su miƙe su rufe gurbinta, miƙewar ta gajiyar da su, su ma su faɗi. Albumin ya tsiyaye ya ɗora wa ƙwayoyin bututun da ke gaba da matata nauyin da zai kashe su, tabo ya maye wurin nama, kuma tabo ba ya tace jini.

Hanyoyin kariya biyu ne: ko a riƙe almakashin, ko a kawar da abin da ke tayar da shi. Hanya ta farko ta ja hankalin masu bincike ƙwarai, an kuma samu sinadarai da dama da suka ceci ƙwayoyi a kwanon gwaji da jikin ɓera, amma ɓera ba mutum ba ne. An ɗora babban fata a kan maganin badoksolon, wanda ke ƙarfafa garkuwar ƙwaya daga tartsatsi, sai ga shi a 2012 an dakatar da gwajinsa saboda yawaitar gazawar zuciya ga masu shansa. Kuma wanda ya toshe ajalin ƙwayoyi baki ɗaya, to ya buɗe wa sankara ƙofa.

Hanya ta biyu kuwa hujjojinta sun tabbata. A 1993 wani gwaji a kan mutum 1441 a Amurka da Kanada ya nuna cewa tsananta kula da sukari yana rage tsiyayar albumin. A wannan shekara wani mai bincike, Lewis, ya nuna cewa kaftofiril, maganin da asalinsa nazarin dafin wani macijin Burazil ne, yana jinkirta lalacewar ƙoda, a 2001 aka tabbatar da irin haka ga losatan. A 2019 aka ga kanagiliflozin, wanda ke fitar da sukari ta fitsari ya kuma sassauta matsin da ke kan matata, ya rage haɗarin gazawar ƙoda da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Shi ma tushensa wani sinadari ne da aka ciro daga ɓawon itacen tuffa tun 1835. Dukkansu suna sauke wa ƙwaya kayan da ke sa ta kiran ajalinta, kuma amfaninsu ya fi girma ga wanda ya fara da wuri, domin suna tsare mai rai ne, ba sa tayar da wadda ta mutu.

Nan ne maganar ta zo gida. Kimanin mutum ɗaya cikin uku na masu ciwon sukari ƙodarsu kan taɓu, ciwon kuwa ba ya sallama. Kafin a ga kumfa a fitsari ko kumburin ƙafa da fuska, an yi asara mai yawa, daga nan sai wankin ƙoda na awa huɗu sau uku a mako, wanda muka ga yana cinye gonaki da gidaje. Saboda haka wajibi ne mai ciwon ya yi gwajin albumin a fitsari da na kiriyatinin a jini kowace shekara, ya riƙa auna hawan jininsa, ya rage gishiri da dunƙulen miya, ya bar taba, ya guji shan magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da aibufurofen ba da izinin likita ba, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Idan Ramadan ya gabato ya nemi shawarar likita, domin shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofinta.

Ina kira ga hukumomi da su kai waɗannan gwaje-gwaje biyu kowane ƙaramin asibiti, ga masu hannu da shuni da su sanya sayen magungunan cikin sadakarsu, ga malamai kuma da su faɗakar a kan mumbari cewa lafiya amana ce. Duk wanda yake da mai ciwon sukari a gidansa, ya kai shi a gwada masa fitsari cikin wannan wata, kada ya jira ƙafa ta kumbura.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.