Murhu da Salula: Jawabi ga Masu Niyyar Buɗe Gidan Abinci

  

An ɗora mana yin magana a kan rancen da ƴaƴan Dantchiao ke nema daga asusun ƙungiya don buɗe gidan abinci ko teburin shayi a Magariya, Damagaram da Kano. Kuɗin nan gumin kowa ne. In sun nutse, ba mai cin bashin kaɗai ya yi asara ba, har da wanda ke jiran layinsa. Shi ya sa muke so mu duba abu biyu, kayan girki da waya.

Na farko, murhu. Mai sayar da abinci ya kan ƙirga kuɗin shinkafa da mai, ya manta da itace, alhali nan riba ke zurarewa. Murhun duwatsu uku yana watsa zafi ga iska. Murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi yana rungume tukunya, ya tsare wutar wuri guda. Tun 2011 kuma matatar SORAZ ta Damagaram tana fitar da gaz. Wanda ya sa butali mai kilo 6 zai dafa shayi da ƙwai nan take, baƙo bai gaji da jira ba, ido bai sha hayaƙi ba. Iyayenmu, ku da kuka raya gawo a gonakin ƙasar Magariya, kun fi mu sanin darajar icen da ba a sare ba.

Amma firigo sai da lura. Kowa na son ruwan sanyi a watan bazara, sai dai firigo bawan kuran ne. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai Maris 2024. Wanda ya zuba jarinsa duka a firigo ya ga yadda nama ke lalacewa a hannunsa. Kada a saye shi sai an san inda wuta za ta fito, ko ta layi ko ta hasken rana, kuma an ware kuɗin gyara.

Na biyu, waya. Ƴan uwanmu na Kano ba za su manta farkon 2023 ba, lokacin da aka canza takardun naira 200, 500 da 1000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Mutum ya zo da yunwa, kuɗinsa na banki, aljihu babu ko sisi. Wanda ya iya karɓar kuɗi ta waya ya yi ciniki. Wanda bai iya ba, ko ya ba da bashi, ko tuwo ya kwana. Har mai wayar ma, in rezo ya ɗauke, sai a tsaya ana kallon juna, mai ci ya ce ya tura, mai abinci ya ce bai gani ba.

A nan bakin iyaka mun san halin rezo, wani lokaci na Najeriya ke shigowa, namu ya ɓace. Shawararmu ita ce mai sana'a ya riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, kada ya saki kowa sai saƙon kuɗi ya shigo wayarsa shi kansa, kuma ya rubuta cinikin kowace rana a kaye, kamar yadda muke kiran sunan yara a lakwal. Da wayar ce zai tambayi farashin buhu kafin ya hau mota, da ita ma'aikata za su yi odar abincin rana.

Saboda haka muna roƙon kwamiti, kafin ya ba da rance, ya yi wa mai nema tambaya uku. Da me za ka dafa, kuma nawa yake ci a rana? In wuta ta ɗauke kwana uku, me zai lalace? In baƙo ba shi da tsaba, yaya za ka karɓi kuɗinka? Wanda ya amsa, a ba shi, a fara da murhu da waya, firigo ya biyo baya daga cikin riba.

Kayan aiki ba sa gyara miyar da ba ta da daɗi, ba sa wanke kwano. Tsabta da fara'a suna wuyan mai sana'a.

Iyayenmu, in mun yi kuskure ku gyara mana. Allah ya sa albarka a nema, ya bar zumunci.