Wa ke duba ginin makaranta?



Ranar 12 ga Yulin 2024, ana cikin jarrabawa, benen makarantar Saints Academy da ke Busa Buji a Jos ya rufta. Mutum 22 suka rasu, galibi ɗalibai, fiye da 100 suka jikkata. Gwamnatin Filato ta ce ginin ba shi da ƙwari, kuma a bakin rafi yake. To, rafin nan ai ba ranar ya tsiro ba. Wa ya ba makarantar izini?

Sufeton ilimi in ya zo, rajista yake dubawa da tsarin darasi. Tsagar bango ba fanninsa ba ce, aikin injiniya ne, injiniyan kuwa yana wata ma'aikatar, ba wanda ya kira shi. Malamin da ke wuni ƙarƙashin rufin shi ke ganin tsagar kullum, amma a makarantar kuɗi, yin magana na iya cinye masa aikinsa.

A Nijar kuwa ba rushewa ba ce, wuta ce: gobara a azuzuwan zana ta ci yara 20 a Yamai cikin Afrilun 2021, a Nuwamba kuma Maraɗi ta binne nata.

Kafin a sabunta wa makaranta lasisi, a nemi takardar injiniya mai sa hannu da kwanan wata, a liƙa ta a ƙofa inda iyaye za su gani.