Mutum Biyu da Zaman Lafiyar Gari

Ku da ke cikin rumfa, ku ɗan ajiye mudu ku kasa kunne.

Cikin shekara ta 1957, Gana ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, gwamnatin Nkrumah ta ce a fitar da Alhaji Amadu Baba da Alhaji Othman Larden daga ƙasar. Manyan Zangon Kumasi ne, 'yan hamayya. Suka kai ƙara, suka ce su 'yan ƙasa ne, ba a korar ɗan gida. Tun alƙali bai yanke ba, sai majalisa ta yi doka da sunansu su biyu, ta kashe shari'ar. Aka kai su Nijeriya.

Kada ku yi saurin zagin gwamnati. Tun 1954 Kumasi ke shan faɗan jam'iyyu, an ƙone gidaje, an yi hasarar rayuka. A ganin masu mulki, zaman lafiyar dubbai ya fi haƙƙin mutum biyu. Wanda ya taɓa rufe rumfa ya gudu saboda tarzoma ya san maganan nan tana da nauyi.

Amma abin da ya tsaya mini a rai, ba a ji ta bakinsu ba. Ko sarkin kasuwa, in zai tashi mutum daga rumfarsa, ai yakan kira shi tukuna. Da shekara ta kewayo aka yi dokar tsare mutum har shekara 5 ba shari'a. Ita ce ta kai Dakta Danquah kurkukun Nsawam, inda ya mutu a 1965. A 1962 kuwa ta kama Ako Adjei da Tawia Adamafio, ministocin Nkrumah ne fa.