Farin Ɓawon Cikin Shantali: Shin Guba Ne?



Duk wanda ya taɓa zama wurin mai shayi a kasuwar Gujungu ta ƙasar Taura, ko ya leƙa cikin butar lantarkin wani ofis a Dutse, ya san wani farin ɓawo da kan manne a gindin shantali kamar ƙanzo a tukunyar tuwo. Mutane da yawa na tsoronsa, har wasu na cewa shi ke taruwa a ciki ya zama tsakuwar ƙoda. Manufar wannan lacca ita ce a tantance gaskiyar wannan zargi.

Da farko, mene ne shi? Ruwan rijiya da na burtsatse yakan ratsa ƙasa da duwatsu, ya narkar da sinadarin kalsiyam. Irinsa ne ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa sosai. Idan aka tafasa shi, sai sinadarin ya rabu da ruwan ya daskare a jikin ƙarfe. Wato dai asalinsa ɗaya da ɓawon ƙwai, da kuma dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti.

To, yana cutarwa? A'a. Kalsiyam shi ne ginshiƙin ƙashi da haƙori, kuma wanda ke cikin nono ya ninka na ruwan rijiya sau da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauke shi haɗari ga mai sha ba. Ta dai lura cewa in ya haura miligiram 200 a lita, yakan bar ɓawo a butoci da bututu. Game da tsakuwar ƙoda kuwa, ƙarancin shan ruwa a lokacin bazara ya fi jawo ta nesa ba kusa ba.

Ɓarnar ɓawon a aljihu take. Yana tare zafi, don haka itace ko lantarki kan ƙare kafin ruwa ya tafasa. Maganinsa kuwa mai sauƙi ne: a tafasa ruwan lemun tsami ko na tsamiya a ciki, a bari ya huce, a ɗauraye.

Abin tsoro na ainihi ido ba ya ganinsa. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Ƙwayoyin wannan cuta kan zauna a ruwa garau, tafasawa kuma ke kashe su. Saboda haka uwargidan da ta daina dafa ruwa don gudun farin ɓawo ta bar jaki tana dukan taiki.

Ashe ke nan ɓawon nan shaida ce cewa an tafasa ruwa a gidan. A kankare shi don tattalin itace, amma kada a sauke shantalin daga murhu.

Allah ya ba da lafiya, amin.