Fasinja Ma Zai Iya Mallakar Motar da Ke Kai Shi Aiki

  

An nemi in yi magana a kan sufurin gama kai, wato mutanen da ke bin hanya ɗaya kullum su haɗa kuɗi su mallaki motar da za ta riƙa kai su wurin nema tana dawo da su. Maganata guda ɗaya ce. Kuɗin sayen motar nan mun daɗe muna biyan sa, kowace safiya da kowace yamma, amma har yau motar ba ta zama tamu ba. Abin da ya rage mana shi ne tsari da riƙon amana.

Kowa a ɗakin nan ya san halin da ake ciki. Tun watan Janairun 2013 da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, nauyin zirga-zirgar birni ya koma kan adaidaita sahu. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Ku tsaya a Kabuga ko Hotoro ko Kwanar Dawaki da ƙarfe bakwai na safe. Ga malamar makaranta da jakarta a kafaɗa, ta tsayar da adaidaita, ta faɗi inda za ta, an faɗa mata kuɗi, ta ja da baya. Ga mai gadin da ya kwana a bakin aiki, ya ƙirga abin da ke aljihunsa, ya ga gara ya taka rabin hanya da ƙafa. Shi kansa mai adaidaitan ba mugu ba ne. Ya fito da bashin balas a wuyansa, sai ya haɗa na mai mashin, ya haɗa na mai, ya biya haraji, sannan ya fara neman na cefane.

Mu ɗan yi lissafi. A ce ma'aikaci yana kashe naira 1,000 a rana zuwa da dawowa, kwana 22 a wata. Naira 22,000 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. A ce kuma mutum 200 ne daga unguwa ɗaya suke bin wannan hanyar. A wata suna zubar da naira miliyan 4 da dubu 400, a shekara sama da miliyan 52. Wannan jari ne babba, kuma ba ya yankewa, domin ko da ruwa ko da rana sai an je aiki. Amma da yake kowa nasa yake miƙawa shi kaɗai, shekara za ta ƙare babu ko tayar mota da za su nuna su ce tasu ce.

Gama kai ba sabon abu ba ne. A 1844 wasu talakawa 28 a garin Rochdale na Ingila, da yawansu masaƙa, suka tara fam ɗaya-ɗaya suka buɗe ɗan kanti. Ƙa'idojinsu ne har gobe ake bi: kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan kuɗinsa, kuma rarar da aka samu ana raba ta gwargwadon cinikin da mutum ya yi da kantin. A Nijeriya dokar ƙungiyoyin gama kai ta farko ta fito a 1935, wadda ake aiki da ita yanzu a matakin tarayya kuma ta 1993 ce. Mu kuwa da ma mun san adashi, inda 'yan kuɗin da ba su isa komai ba a hannun mutum ɗaya suke zama jari idan an tara. Bambancin kawai shi ne a nan kwasar ba ta mutum ɗaya ba ce, mota za a saya da ita wadda kowa zai hau.

Misalin da na fi so mu duba da kyau shi ne na Dakar, babban birnin Senegal, domin matsalarsu ta yi kama da tamu. Kamfanin bas na gwamnati, SOTRAC, ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1990. Aka bar jama'a da tsofaffin ƙananan bas-bas, masu launin shuɗi da rawaya da ake kira kar rapid, da farare da ake kira Njaga Njai. Yawancin masu su mota ɗaya ko biyu gare su, ba su da littafin lissafi, babu bankin da zai ba su rance. Yaron mota na rataye a ƙofar baya yana kiran fasinja, direba na tsayawa inda ya ga dama, wani lokaci a yanka tafiya ɗaya gida biyu ko uku don a karɓi kuɗi sau biyu ko uku.

A 1997 gwamnati ta kafa hukumar tsara sufurin birnin, CETUD. A 2001 aka kafa AFTU, inuwar da ta haɗa masu motocin bayan sun shiga ƙungiyoyi-ƙungiyoyi na haɗin gwiwa. Yarjejeniyar ita ce mai mota ya miƙa tsohuwar motarsa a farfasa ta, a biya shi diyya, ya kawo kashi 25 cikin ɗari na kuɗin sabuwa, sauran kashi 75 kuma a ba shi rance daga kuɗin da Bankin Duniya ya bayar, ya biya cikin shekara biyar. 'Yan ƙungiya su ne masu tsaya wa juna. Daga 2005 motoci 505 ƙirar Tata, waɗanda aka harhaɗa a garin Thiès, suka fara hawa titi.

Sabuwar mota ita ce abin da ido ke gani, amma abin da ya canza harkar yana cikin sharuɗɗan. Kowace mota tana da lambar hanya, da wuraren tsayawa, da farashin da hukuma ta yanke. A cikin motar akwai ɗan keji inda mai karɓar kuɗi ke zaune. Ka miƙa kuɗinka ta taga, ya yago maka tikiti. Wannan 'yar takardar ita ce ta sa a karon farko mai mota ya san ainihin abin da motarsa ta samu a yini, direba kuma ya koma ɗan albashi, ya rage tsere da 'yan uwansa don ya riga su fasinja. Daga baya suka kafa asusun ajiya da rance nasu, Mectrans, da asusun kula da lafiyar ma'aikata, Transvie. Bashin kashin farko an biya shi da kyau, shi ya sa aka ci gaba da kawo wasu motocin. Har yanzu ana cunkoso a motocin Tata, kuma ma'aikata da dama suna kukan rashin takardar ɗaukar aiki. Duk da haka mutanen da banki ba ya ko kallo sun zama abin amincewa saboda sun haɗu sun kuma riƙe lissafi.

Kenya ta bi wata hanyar. A 2004 ministan sufuri John Michuki ya tilasta wa motocin haya da ake kira matatu sa bel ɗin kujera da na'urar hana wuce gudun kilomita 80 a awa. A 2010 aka ce dole kowace matatu ta shiga ƙungiyar ajiya da rance, wadda suke kira SACCO, ko kuma kamfani. Wasu ƙungiyoyin sun yi ƙarfi, suna ba membobi rancen sayen mota, suna hukunta direban da ya yi ganganci. Wasu kuwa suna kawai suka ɗauka, aikinsu karɓar kuɗin shiga hanya da tsare ta kada wani ya shigo. Ƙungiyar da aka kafa don gudun fushin hukuma ba ta yin irin aikin wadda membobi suka kafa don sun ga amfaninta.

A gida ma an gwada. Lokacin da aka buɗe hanyar bas ta musamman a Legas cikin Maris 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, ƙungiyar gama kai da 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW suka kafa ce ta karɓi rancen banki ta sayi bas 100 na farko. Fasinja sun yi tururuwa, kuɗi ya shigo. Bayan 'yan shekaru motocin suka fara lalacewa, kulawa ta yi rauni, daga baya aka miƙa hanyar ga kamfani mai zaman kansa. Irin wannan muka gani da motocin da aka raba a ƙarƙashin shirin sufurin jama'a na gwamnatin tarayya na 1988. Sayen mota abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta shi da riƙe ta shekara goma tana aiki.

Za ku lura cewa a Dakar da Kenya da Legas, masu motoci ne suka haɗu. Fasinja yana waje. Amma akwai inda fasinjojin da kansu suka ɗauki ragamar. A Jamus, tun 1985, mazauna ƙananan garuruwan jihar North Rhine-Westphalia suke kafa ƙungiyoyi suna tafiyar da ƙananan bas masu kujerar fasinja takwas, 'yan sa kai ke tuƙawa bisa jadawali, kuma ƙungiyoyin sun haura ɗari a wannan jihar kaɗai. A garin Witney na Ingila, da majalisar yankin ta janye tallafin bas a 2016, mazauna suka kafa ƙungiyarsu suka maido da motocin cikin gari. A Vancouver ta Kanada, ƙungiyar Modo ta fara a 1997 da mutum 16 da mota biyu, yau membobinta dubbai ne. Ba na cewa mu kwafi tsarinsu yadda yake. Direbanmu ba ɗan fansho ba ne mai neman abin da zai cika lokacinsa, magidanci ne da iyali ke jira, don haka dole a biya shi. Abin ɗauka shi ne mai hawa zai iya zama mai shi.

To, ta yaya za a fara? A fara da hanya ɗaya wadda aka san masu binta: ma'aikatan wani asibiti, ko malaman makarantun da ke kan titi ɗaya, ko masu aiki a masana'antun Sharaɗa da Bompai, ko 'yan kasuwar Kwari da ke kwana a unguwa guda. A rubuta sunaye da lokacin fita da na tashi. A yi rajista a ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai na jiha. Kada a yi gaggawar sayen mota. A ɗauki hayar bas na wata uku, membobi su biya kuɗin wata tun farkonsa, a ga ko kujerun suna cika. In lissafi ya tsaya, sai a sayar da hannun jari ga membobi, a nemi cikon kuɗin. Wanda ke gudun riba yana da mafita, domin bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin murabaha da ijara.

Akwai abubuwa huɗu da ba a yi musu sassauci. Na farko, direba da kwandasta su kasance a kan albashi, su ma su zama membobi masu ƙuri'a, a raba su da balas. Na biyu, kowane kwabo ya bi ta tikiti ko ta asusun banki, a kuma karanta lissafi a gaban kowa duk wata, wanda ke riƙe kuɗi daban da wanda ke bincikarsa. Na uku, kafin a raba ko sisi a ware kuɗin gyara, da na inshora, da na sayen wata motar idan wannan ta tsufa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, shugabanci ya kasance na wa'adi, kuma mai hannun jari ɗari da mai guda ɗaya ƙuri'arsu ɗaya. Ina roƙon a ba mata kujeru a kwamitin, domin su suka fi sanin wahalar matsatsi a cikin mota da ta jira a bakin titi bayan magariba.

'Yan uwana direbobi da shugabannin tasha, na san abin da ke ranku: kada wannan ya taɓa abincinmu. Ku ne kuka san hanya, kuka san bakanike na gari, kuka san lafiyar inji daga jin ƙararsa. Ƙungiyar fasinja ba za ta yi sati ɗaya ba tare da ku ba. Abin da take kawo muku shi ne fasinjan da ya riga ya biya, da albashin da ba ya jiran sa'ar rana. A zauna da ku tun ranar farko, a daidaita wurin lodi da kuɗin tasha a rubuce.

Ga hukuma kuma roƙonmu kaɗan ne. Ba kyautar mota muke nema ba, don motar kyauta ba ta da mai jin zafinta. A sauƙaƙa rajista, a ba ƙungiya izinin hanya na shekaru sanannu yadda banki zai yarda ya ba ta rance, a ware wuraren tsayawa, a haɗe harajin da ake karɓa ya zama guda ɗaya sananne, sannan jami'an gama kai su riƙa binciken littattafai kowace shekara kamar yadda doka ta ɗora musu.

Iyayena masu unguwanni, a hannunku jama'a suke, kuma maganarku ake ji. Ina roƙon kowace unguwa da ke da wakili a nan ta fitar da mutum biyar masu gaskiya, maza da mata, su ƙirga masu bin hanya ɗaya da abin da suke kashewa a wata, su kawo sakamakon a taron unguwa na gaba. Idan jama'a suka ga adadin da idonsu, su da kansu za su ce a fara.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar juna, ya kai kowa gidansa lafiya.