Tsadar Mai, Jami'a da Malamin Gona

(Jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Likoro)



Kowa a nan ya san Samaru. Can ne Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda aka buɗe a 1962. A cikinta akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda ta girmi jami'ar kanta. Irin masara mai suna SAMMAZ da irin wake mai suna SAMPEA daga can suka fito. Wataƙila wani a cikinku ya shuka su bai san asalinsu ba.

Jami'a gari ce guda. Tana shan ruwa, tana ƙona wuta, motocinta suna shan mai. A watan Mayu na 2023 gwamnati ta cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga masu samun wuta da yawa. Mai injin ban ruwa a fadamar rake ya san wannan zafi. To, jami'a ma ta san shi.

Saboda haka dole jami'o'i su yi tsimi. A Kano, tun 2019 aka kafa wa Jami'ar Bayero babbar tashar wuta mai aiki da hasken rana. Tafiye-tafiye ma ana iya rage su. Tun lokacin cutar korona a 2020 malamai suka saba yin taro ta waya da kwamfuta. Malami yana zaune a Zariya, ya yi magana da na Ibadan, ba a ƙona mai ko cokali ɗaya ba. Hayaƙi ya ragu, kuɗi ya tsira.

Wannan na yarda da shi. Amma tafiya iri biyu ce. Akwai ta zuwa taro a otal a Abuja, wannan a rage ta, babu wanda zai yi kuka. Akwai kuma ta malamin gona zuwa ƙauye. Ita nake jin tsoro kada tsimi ya fara cinyewa. Waya ba ta damƙar ƙasa ta ji danshinta. Ba ta buɗe zuciyar masara ta ga tsutsa. In malami ya daina zuwa, binciken Samaru a kan takarda zai tsaya.

To, mu mene ne namu? Mu sa kowace tafiya ta biya kuɗin manta. Kada malami ya taso takanas don gona ɗaya. Ku haɗu ta ƙungiyarku, ku sa rana ɗaya, ya zo ya tarar da mutum ashirin ko talatin. Mata masu kiwo da masu ajiyar wake su ma a ba su lokacinsu, kada a bar su a baya kamar yadda aka saba.

A nan karatunku zai yi aiki. Kowa ya sami ɗan littafi. Ranar da ka yi shuka, rubuta. Sunan irin, da takin da ka sa, da ranar da ka fara ganin ciwo a ganye, duk rubuta. Ko rubutun ya karkace ba komai, ana karantawa. Malamin da ya ga wannan littafi ba sai ya dawo sau uku yana tambaya ba. Ƙaramar matsala kuwa, sai ka buga masa waya ka karanta masa abin da ka rubuta.

Kafin ajin mako mai zuwa, kowa ya rubuto tambaya ɗaya a kan gonarsa ko dabbarsa, ya ba malamin aji. Za mu haɗa su a takarda ɗaya, mutum ɗaya ya kai Samaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka.